Shekarar da Aka Matsar da Layi

Akwai maganar da na san ta iso kunnenku tun kuna ƙanana, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗinta a gabana. Ana cewa uwarku ta zauna a Amirka tana tsintar balo har Inna, mahaifiyarta, ta cika a Damagaram ba ta je ta gan ta ba. Ke Ramatu a wajen wani suna kika ji ta, kika dawo gida ido jawur kika ƙi gaya mini dalili. Ke kuma Nafisa a lokacin ko famfarar haƙori ba ki gama ba, duk abin da kika sani ji kika yi. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai an gutsure ta. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, kowaccenku kuma tana da 'ya'yan da za su yi tambaya wata rana, bari ku ji yadda shekarar nan ta tafi daga bakina.

Yayanku zan riƙa ce masa a nan, don kun san ban taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, haka kuma aka raine mu: ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, in kana da magana ka aika ƙanwarsa. Mun iso Greensboro yana ɗan shekara goma, siriri, gajere, ba ya jin Turanci ko na gaisuwa, sai ɗan Faransancin lakkwal, wato makarantar boko ta can gida. Muna zaune a wani afatmen, sashen haya a gidan bene, a High Point Road, titin da yanzu kuke kira Gate City. In ya dawo daga makaranta sai ya tsaya bakin taga yana kallon yaran da ke ƙwallon kwando a bayan wurin ajiye motoci. Wata rana ya sauka ba tare da ya tambayi kowa ba. Da ya dawo da magariba, rigarsa sharkaf da gumi, na ga abin da ban gani ba tun saukarmu daga jirgi, yaron yana murmushi shi kaɗai. A wajen nan ya koyi Turanci, a nan ya yi abokai.

Babanku, Allah ya jiƙansa, bai san komai a wasan ba. Kokawa ya sani, ita ya yi a ƙuruciya. Yana aiki a wani sito a Wendover, loda kaya da saukewa, ni kuma ina kitso a falo. Da muka koma ƙaramin gidan nan na gabashin gari, mai daɓen siminti a baya, abin da ya fara saye kafin kujeru shi ne wani tsohon kwando mai sanda. Maƙwabcinmu Mista Wilas, wani dattijo baƙar fata da ya yi ritaya daga tuƙin bas, shi ya leƙo ta kan shinge ya ga yaron yana jifa. Ya ce wa babanku dogaye su ke cin abincinsu a gindin kwando, gajere kuwa sai dai ya nemi nasa daga nesa. Ya yi masa bayanin wani layi mai lanƙwasa da ake zanawa a fili: wanda ya jefa daga cikinsa maki biyu, wanda ya jefa daga bayansa maki uku. Washegari babanku ya aro tef ɗin awo a wurin aiki, ya ɗaura igiya a ƙusa daidai ƙarƙashin kwandon, ya zagaya da alli, ya bi da farin fenti. Daga ranar, kullum ya taso aiki, ko takalmin bai cire ba, sai ya tsaya a gindin kwandon yana tarar ƙwallo yana mayar wa yaron. Ni ban taɓa fita ba. Ta tagar kicin nake ji ina wanke shinkafa, bugun ƙwallo a siminti, ɗan shiru, sannan ƙarar raga. Har na kai in na ji ƙarar na san ya shiga ko ya bugi ƙarfen bakin kwandon.

Wannan jifa ne ya kai shi jami'a. Wata ƙaramar jami'a ce a cikin jihar, suka ɗauke shi da sikolashif, karatu kyauta, ba don tsawo ba, ba don ƙarfi ba, sai don in ya tsaya a bayan layin nan hannunsa ba ya rawa. Babanku ya kai shi da kansa, ya dawo yana ba kowa labarin girman filin wasan a masallaci har abokansa suka fara yi masa tsiya.

A sanyin shekarar farko ta yayanku a jami'a babanku ya faɗi a wurin aiki. Zuciya ce. Kafin a kai ni asibiti ya riga ya cika. Yayanku yana wani gari sun tafi wasa, sai da safe ya iso, aka yi jana'iza da shi. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya ɗauki makara, ya karɓi gaisuwa, bayan addu'ar bakwai ya koma makaranta. Abu ɗaya na lura da shi: duk zuwan da zai yi gida, ba ya buɗe ƙofar baya. Ganye ya rufe simintin, raga ta yi baƙi, ban ce a share ba.

Ina gab da fita takaba Mista Wilas ya zo da jarida a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula, ke Ramatu kika yi mana tafinta. Ya ce masu kula da wasan jami'o'i sun zauna sun kawo shawarar gyara wasu dokoki, babba a ciki kuwa ita ce a matsar da layin maki uku baya da ƙafa ɗaya, ga maza kaɗai. Dalilinsu wai jifan ya yi sauƙi, kowa ya koma jifa daga nesa, kuma 'yan wasa sun yi girman jiki har sun cunkushe a gindin kwando, in an ja layin baya fili zai buɗe. Baffanku Alhaji Isuhu, yayan babanku, yana falo ranar ya zo duba mu kafin ya fita da tasi. Ya cire takalminsa ya ɗaga, ya ce a kan tsawon wannan ne manyan mutane suka yi taro? Mista Wilas bai yi dariya ba. Ya ce shi da za a tambaye shi, da sai a rage yawan tsayar da wasa don talla, a hana alƙalai busa a kan kowace taɓawa, a gajarta lokacin da ƙungiya ke riƙe ƙwallo, amma layi a bar shi inda yake. Ya ce ƙafa ɗaya ba komai ba ce ga dogo mai ƙarfin kafaɗa, amma ga yaron da ya shekara takwas yana koya wa jikinsa nisa guda, kamar a ce wa mutum ya sake koyon sa hannu ne. Suka yi ta musu, ke kina fassarawa har kika gaji kika bar su kowa na yi da harshensa. Ba a daɗe ba aka amince da dokar, aka ce sai bayan shekara guda za ta fara aiki.

Shekarar nan ta jira ita ta cinye yayanku. Kocinsu ya manna tef a filin atisaye a inda sabon layin zai zauna, ya ce su fara sabawa. Yayanku ya ja baya, ƙwallo ya riƙa faɗuwa a gaban ƙarfe. Ya ƙara ƙarfi da hannu, ya riƙa wucewa. Da ya dawo tsohon layin, shi ma ya ƙi. Duk wannan ba shi ya gaya mini ba, ke Ramatu ce kike tsinto mini a waya. Da kakar wasa ta ƙare kocin ya kira shi ya gaya masa gaskiya ba tare da wulaƙanci ba: yana son sa, ya san rashin da ya yi, amma gurbin na mai jifa ne, in aka dawo hutu hannun bai dawo ba, ba zai iya yi masa alkawarin komai ba. Ya ba shi atisayen ƙarfafa ƙafa, ya ce ƙarin nisan daga cinya yake fitowa, sauran kuma sai maimaici da wanda zai riƙa mayar masa da ƙwallo.

Ya dawo hutun bazara ya shige ɗaki. Bayan 'yan kwanaki ya aiko ki, Ramatu, ki gaya mini ya bar karatu, zai karɓi tasi a wurin Baffa. Alhaji kuwa ya goyi bayansa da zuciya ɗaya. Ba mugunta ba ce, shi a ganinsa gida ba namiji babba, wasa kuma wasa ne, yaro ya kama abin da ke hannu.

A daidai wannan lokacin ne nake shirin tafiya gida. Tun zuwanmu ban koma ba. Inna ta daɗe tana fama da ƙafa, bana kuma ciwon ya hau ƙirji, ƙanwata Hauwa ta ce in ina da halin zuwa in zo. Na sayi tikiti, na cika akwati biyu, man zafi da barguna da 'yan kunne na yara, matar Alhaji ta yarda za ta riƙe ku har in dawo. Saura kaɗan in tashi, wata la'asar na shiga kicin, na ga ƙofar baya a buɗe. Yayanku yana zaune a kan matakala, ƙwallo tsakanin ƙafafunsa, yana kallon simintin. Bai jefa ba, bai tashi ba. Na gama tuwo, na yi miya, na kwashe, yana nan yadda yake. Na kalli ƙeyarsa na ga ƙashin wuya ya fito. Sai na gane ba maganar karatu kaɗai ba ce. Yaron nan tafiya yake a hankali yana barinmu, yana zaune a gabanmu.

Washegari da safe na kankare katin waya, irin wanda muke saye a kantin mutanenmu na High Point Road, na kira gida. Hauwa ta kara wa Inna wayar a kunne. Mun gaisa ke nan ta tare ni.

"Dije, wannan ba muryar mai shirin tafiya ba ce. Mene ne?"

Na so in ɓoye, na kasa. Ku yi tunanin bayanin ƙwallon kwando ga tsohuwar da ko talabijin ba ta kallo. Na ce mata kwando ne marar gindi aka rataye a sama, ana jefa balo a ciki daga nesa, da shi yaron yake karatu. Ta ce to me ya faru da kwandon. Na ce kwandon lafiya lau, wurin tsayawar ne manyan ƙasar suka ce ya yi kusa, masu jifa sun cika ci, don haka aka sake doka aka ja shi baya. Ta yi wata dariya da ta koma tari. Sannan na gaya mata sauran, zaman matakalar da ƙin cin abincin.

"To ki zauna," in ji ta. "Ni 'yan'uwanki sun kewaye ni har sun ishe ni. Shi wa ya kewaye shi?"

Na ce Inna, jikinki fa.

"Jikina na Mai shi ne. In kin zo, ki kalle ni in kalle ki, shi ke nan. Can kuwa aiki ne da ke. Kunyar nan ta ɗan fari ni na koya miki, ni ce kuma na ce ki ninke ta ki ajiye. Ubansa ba ya nan. Wa zai tsaya masa?"

Katin ya ƙare ina kuka. Na zauna a bakin gado na daɗe. Ba zan ce muku zuciyata ta kwanta nan take ba, na san abin da nake ajiyewa, na kuma san Inna ta sani. Da azahar na kira Alhaji na ce ya mayar da tikitin zuwa sanyi. Ya tambayi dalili, na faɗa masa. Ya ce Maman Ramatu, ki ji tsoron Allah, uwa fa guda ce. Na ce ita ta ce in zauna. Na roƙe shi kada yaron ya ji, a ce masa takardu ne suka tsaya.

Mista Wilas na fara nema. Ya zo da tef ɗin awo da gwangwanin fenti shuɗi, ragowar na barandarsa. Ni da ke Ramatu muka share ganyen, muka wanke simintin, sai ga farin layin babanku ya fito, ya ɗan koɗe amma yana nan. Mista Wilas ya tambaya ko a goge shi. Kafin in buɗe baki kika ce a'a, ai na mata ba a matsar ba, wannan namu ne yanzu, mu mata. Ya samo ƙusar nan a inda babanku ya kafa ta, ya ɗaura igiya, ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa ya zana sabon a bayan tsohon. Ya sauya raga. Yayanku yana ɗaki, na tabbata yana jin mu, bai fito ba.

Da gari ya waye, bayan na idar da salla rana ta ɗan fito, na ci ɗamara da mayafina a kan zane, na sa takalmin roba, na ɗauki ƙwallon na tsaya a gindin kwando. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Na kira ki, Ramatu, na ce ki je ki gaya wa yayanki ana jiransa a waje. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli shuɗin layin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Ni kuma sandar kwandon nake kallo. Ban san yadda ake jefawa ba, sai na gangara masa ƙwallon a ƙasa kamar mai tura ƙwarya, ya je ya tsaya a ƙafarsa. Ya daɗe bai taɓa ba. Na yi niyyar in ya koma ciki gobe ma in fito, jibi ma haka. Sai ya sunkuya ya ɗauka.

Jifan farko ko ƙarfe bai taɓa ba. Na bi ƙwallon har jikin shinge na kawo. Haka muka fara. Ba abin da na koya masa, ban san komai ba, atisayen kocinsa yake bi, Mista Wilas kuma yana zaune a kujerar roba a hayin shinge da kofin shayinsa yana cewa ya lanƙwasa gwiwa. Nawa tsinta ne da mayarwa. Zafin bazarar garin nan kun san shi, mai ɗanko, tun da safe riga take mannewa. A sati na biyu ƙwallo ya dawo daga ƙarfe ya bugi ɗan yatsana na tsakiya ya kumbura kamar rogo. Mai kitso ba ta da abin da ya fi yatsa, na yi makonni ina mayar da mata, wasu suka koma wurin wata ba su dawo ba. Yayanku ne ya ɗaure mini shi da tef, ya haɗa da na kusa da shi yadda suke yi a makaranta. Tun yana jariri rabon da hannuna ya daɗe a cikin nasa haka. Yana ɗaurawa kansa a ƙasa ya yi magana, rabi Hausa rabi Turanci.

"Mama, ranar da Baba ya rasu na ci maki da yawa. Ina ta murna a cikin bas. Ban sani ba."

Na ce masa shi ma babanka da ya sani murnar zai yi, ba abin da ya fi so ya ji kamar wannan. A nan ya yi kukan da bai yi ba shekara da rabi. Mista Wilas ya tashi da kofinsa ya shige gida. Na bar shi ya yi har ya gaji, sannan na ce ya je ya wanke fuska, akwai koko.

Daga ranar abinci ya fara shiga. Jifan bai gyaru lokaci guda ba, yau ya yi kyau gobe ya lalace, amma ƙarar ragar nan da na sani ta fara yawaita. Maganar tasi ba wanda ya sake tayarwa. Duk Juma'a ina kiran gida, muryar Inna tana ƙara yin nisa, amma ba ta taɓa tambayar yaushe zan zo ba. Tambayarta guda ce, yaron ya ci abinci, kuma ya ci kwandon?

Ya koma makaranta ƙarshen hutu, kocin ya gwada su, ya bar shi a ƙungiya. A kakar nan unguwarmu ta cika da allunan zaɓe, kowa na zumuɗi, ni kuma ina ƙirga saura kaɗan sanyi ya shigo in tafi. Wata ranar Talata da hantsi ina tsakiyar yi wa wata mata kitso waya ta yi ƙara. Hauwa ce. Da na ji ta fara da salati na san sauran. Matar da nake wa kitson, wata Kirista 'yar Jos da muka saba, ita ta tashi da rabin kai a tsefe ta riƙe ni, ta kira Alhaji, ta ɗora ruwa a wuta.

Akwatunan nan biyu suna nan a kusurwar ɗaki a ɗaure. Na yi wata ban iya kallonsu ba. Kada wani ya ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Har yau in na ji ƙamshin man zafi sai na nemi wurin zama.

Yayanku ya zo zaman makoki. A cikin maza, Alhaji yana karɓar gaisuwa, wani ya tambaya ashe ba ta samu zuwa ba, sai bakinsa ya suɓuce ya ce ai da ta tafi tun bazara, ta tsaya saboda yaron nan da balonsa. Bai lura yayanku yana bayansa yana zuba shayi ba. Daga nan maganar ta fita, ta yi ta yawo har ta iso gare ku a gutsure. Alhaji ya zo daga baya ya ba ni haƙuri, na kuma yafe masa tun ranar, ku ma kada ku riƙe shi.

Da mutane suka watse da la'asar yayanku ya same ni a kicin. Fuskarsa ta koma irin ta zaman matakala.

"Mama, ba takardu ba ne. Saboda ni ne."

Na ce ya zauna. Na ja kujera na zauna a gabansa, na kalle shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Ban zaɓe ka na bar Inna ba. Inna ce ta aike ni wurinka, da bakinta, tana cikin hankalinta. Aiken uwata na yi, kuma shi ne na ƙarshe da ta yi mini. In ka ajiye ƙwallon nan yanzu, ka mayar da aiken banza."

Ya ce da Turanci bai san yadda zai ɗauki wannan ba, ya yi masa nauyi. Na ce ba a ce ya ɗauka ba, kyauta ce kakarsa ta yi masa, kyauta kuwa godiya ake yi a yi wa mai ita addu'a. Ya kwana biyu ya koma makaranta.

Wasan farko da aka yi da sabon layi a filinsu, Mista Wilas ya kwashe mu a motarsa. Ban taɓa shiga irin wurin ba, ƙara kamar rufin zai faɗo. A ƙasan filin ga layi biyu kusa da juna, kowanne da launinsa, na mata da na maza. Yayanku yana benci cikin masu jiran canji har aka dawo hutun rabin lokaci, sannan aka sa shi. Ya samu ƙwallo ya jefa, ya bugi ƙarfe. Ya sake samu, ya sake bugun ƙarfe, ƙwallon ya yi gefe, sai na ji ke Ramatu kin ja mayafina, ashe na miƙe zan je in tsinto. Na uku ya tashi daga hannunsa, tun yana sama na san inda za shi. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu biyu, alamar maki uku. Mista Wilas ya cire hula yana buga ta a gwiwa. Su yayanku aka ci a ranar, amma ban damu ba.

Bai zama shahararre ba, kun sani. Yawancin wasanni daga benci yake tasowa, wata rana hannun ya yi daɗi wata rana ya ƙi. Amma ya gama karatunsa, ya sa rigar nan mai faɗi da hula mai tuntu, kuma ga shi yau yana koyar da lissafi yana horar da yara da yamma. Da ya gama, shi ya ce ba zan tafi gida ni kaɗai ba, zai raka ni.

Mun sauka Damagaram da damina. Na shiga ɗakin Inna na zauna a kan gadonta, Hauwa ta rufe mana ƙofa muka yi abin da za mu yi. Shi kuma kawunnansa suka kai shi maƙabarta. Da yamma tsofaffin unguwa, ƙawayen Inna, suka fara shigowa gaisuwa da sandunansu. Muna zaune a tabarma a tsakar gida, yayanku ya shigo, sai wata tsohuwa mai suna Iya Gambo, wadda idonta ya fara dushewa, ta ce a matso mata da shi. Ta shafa hannunsa tun daga kafaɗa har yatsu, ta juya wajen sauran.

"Wannan ne wanda Amirkawa suka sake doka dominsa?"

Na kalli Hauwa. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, hawaye na zuba. Ta ce ai tun ranar da muka yi wayar nan, duk wanda ya zo duba Inna sai ta ba shi labari: jikanta na Amirka ya addabi mutanen ƙasar da cin kwando, sun rasa yadda za su yi da shi, har manyansu suka yi taro suka ja masa wurin tsayawa baya, ta kuma tura 'yarta ta tsaya masa su gani ko za su iya. Ta ce har likitan da ke zuwa yi mata allura sai da ya ji labarin, ba sau ɗaya ba, kuma a satinta na ƙarshe, da magana ta yi mata wuya, in an ambaci yaron sai ta yi murmushi.

Yayanku ya gane duk abin da aka faɗa. Na ga ya buɗe baki, malamin lissafi zai gyara bayani, sai ya kalle ni. Ya durƙusa a gaban Iya Gambo har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya ce e, Iya, shi ne.